Gurbin da Baba Ya Bari

Shekarar da gwamnati ta ce za ta ɗebi malaman kwantiragi a makarantun firamare, shekarata shida ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke bayan Ƙofar Kabuga. Gidan haya ne aka tsattsaga ɗakunansa da katako aka ce azuzuwa ne. In ina koyar da lissafi a aji huɗu, ina jin malamar aji uku tana biya wa yaranta sunayen watanni, wani lokacin har nawa yaran su taya su amsawa. Mai makarantar kuwa, ranar da ya tashi da ɓacin rai sai ya sallami malami, washegari ya kawo ɗan ƙanwarsa. Kwantiragin gwamnati na shekara biyu ne kawai, amma kowa ya san wanda ya shiga ya riƙe aikinsa da kyau yana iya samun tabbaci. Na ƙwallafa rai a kan aikin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya ƙwallafa rai a kan abin duniya.

Mu biyu muka cike fom daga lungunmu a Soron Ɗinki, ni da abokina. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Tare aka sa mu makarantar allo, tare aka kai mu firamare, tare muka yi kwalejin horon malamai. Bambancinmu ɗaya ne, ni daga sama ake neman sunana in sakamako ya fito, shi daga ƙasa ake farawa don kada a ɓata lokaci. Da muka gama kwaleji bai ma nemi koyarwa ba, ya koma sana'ar gidansu ta wankin hula. Kullum in na dawo daga aiki sai in same shi a ƙofar gida, hannu duk sitaci, ya jera huluna a rana, yaran unguwa sun kewaye shi yana ba su labarin da ba shi da kai balle gindi. Ni na cike masa fom ɗin da hannuna. Ni na zauna da shi bayan la'asar har wata guda ina tuna masa abin da ya manta. Na yi hakan da zuciya ɗaya, amma yanzu na san dalilin da ya sa zuciyar ta zama ɗaya: ko a mafarki ban taɓa kawo cewa zai wuce ni ba.

Sai na faɗi wani abu game da mahaifina, don ba za a gane sauran ba sai da shi. Baba tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, kuma ni ne ɗansa na fari. Mutumin da ne sosai a kan kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena su kira masa yayansu, in kuma muna gaba da gaba sai ya ce "kai". Ba ya yabona, ba ya zama inda ake yabona. Ranar da na zo na ɗaya a aji shida aka kawo masa takardar sakamako, ya duba, ya miƙa wa gwaggona, ya tambayi ko an ba akuya ruwa. Abokina kuwa, zauren Baba kamar na gidansu ne. Yana shiga ya zauna, Baba ya kira sunansa, ya tsokane shi, ya ba shi aron littafi. Na saba da haka har na ɗauka bai dame ni ba.

Jarrabawar mataki biyu ce. Ta farko ta rubutu, muka yi ta a wani babban ɗakin taro, mutum ya fi a ƙirga. Da sakamako ya fito duk mun tsallake, ni can sama, shi da ƙyar da jiɓin goshi. Na taya shi murna har da dukan kafaɗa. Mataki na biyu darasin gwaji ne: a ba ka aji na yara na gaske, ka koyar minti ashirin a gaban mutum uku, kowannensu ya ba ka maki a cikin ashirin. An ce an yi haka ne don a toshe ƙofar alfarma, shi ya sa ma ba a faɗin sunayen masu ba da makin sai ka shiga ka gan su. Ni na fi kowa yabon wannan tsari a majalisarmu. Na ce yanzu ne za a bambanta aya da tsakuwa.

Ranar gwajin Baba ya fita tun da sassafe da babbar rigarsa, bai ce wa kowa ga inda za shi ba, mu ma ba ma tambayarsa. Aka tara mu a wata firamare ta cikin gari. Aka ce duk wanda ya zaɓi lissafi zai koyar da rabi da kwata a aji huɗu. Na yi murmushi, don wannan darasi na koyar da shi ya fi sau hamsin, har kwalin da na zana da'irori a kai na taho da shi don ko-ta-kwana. Abokina kuwa sai ya fita bakin ƙofar makaranta, ya dawo da gurasa biyu a leda. Na ce masa wannan wane irin kwaɗayi ne da safiyar Allah, ya yi dariya kawai.

Shi aka fara kira. Ina zaune a benci a waje ina jin ajin ya kaure da hayaniya, yara suna ta "ni, Malam, ni, Malam". Na ce a raina shi ke nan, mutumina ya mayar da aji kasuwa. Har tausayinsa na ji. Da ya fito babu gurasa a hannunsa, yana share zufa, ya ce min in shirya, akwai abin mamaki a ciki. Kafin in tambaye shi aka kira lambata.

Na shiga da sallama, na ɗaga kai, sai ga Baba a kujerar gefe. Wata Hajiya, ita ma tsohuwar shugabar makaranta, tana tsakiya, wani jami'i yana ɗaya gefen. Nan da nan wani abu ya taso min. Shekara talatin da 'yan kai mutumin nan bai taɓa ganina ina aikina ba, yau dole ya zauna ya gani. Na kafa kwalina a allo. Na buɗe baki da Turancin da na fi ji da shi, na bayyana manufar darasi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana a kwaleji, na kawo ma'anar rabi, na kawo ma'anar kwata, na rubuta su da rubutun da ko a littafi sai haka. Ajin ya yi tsit, ko tari babu. Duk jimlar da na gama sai in saci kallon teburinsu. Hajiya tana gyaɗa kai, jami'in yana rubutu. Baba kuwa ko sau ɗaya bai dube ni ba, ya juya fuskarsa wajen yara. Ban yi mamaki ba, na san hali. Ina naɗe kwalina Hajiya ta yi wa yaran wata tambaya, ban ma tsaya jin amsarsu ba, na fito ina jin kaina a sama.

A gida babu wanda ya ta da zancen. Baba ya dawo, na gaishe shi, ya amsa, shi ke nan.

Bayan sati uku aka liƙa jerin waɗanda aka ɗauka a jikin bangon ofishin ilimi, an jera su bisa yawan maki. Tare muka je a adaidaita sahu ɗaya. Na fara daga sama kamar yadda na saba, shi ya fara daga ƙasa kamar yadda ya saba. Bai daɗe yana nema ba, sunansa ne na ƙarshe a takardar. Ni na bi ta da yatsa sau uku, babu ni. Ya rungume ni yana hamdala, sai kuma ya ankara, ya sake ni, ya shiga taya ni nema. Wannan taya neman ya fi komai ƙona min rai. Na ce masa Allah ya sanya alheri, kuma Allah ya sani bakina ne kaɗai ya faɗa.

Ban san ina da hassada ba sai a kwanakin nan. Na ɗauka ciwon wasu ne, irin mutanen da ake wa'azi a kansu. Mahaifiyarsa ta yi waina sadaka aka rarraba gida-gida, da aka kawo tamu na ce cikina ba daɗi. Tun bai karɓi takardar kama aiki ba mutanen lungu suka fara kiransa Malam, sunan da ni na sha alli shekara shida kafin ya zauna min. Ya kai yadi biyu wajen tela, na sani, don ina ƙirge. Ya sayi jan biro ya maƙala a aljihu. In na ji ƙarar ƙyauren gidansu sai in tsaya a soro har ya wuce. Na canja masallacin da nake sallar magariba don kada mu haɗa sahu. Wata rana ya shigo da sabon littafi yana roƙon in nuna masa yadda ake rubuta tsarin darasi, na ce kaina ke ciwo. Da ya fita matata ta dube ni ta ce in bi a hankali, hassada ga mai rabo taki ce. Na yi mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa, don kawai ta faɗi gaskiya.

Abin da ya fi cin raina shi ne na rasa wanda zan zarga. Da ɗan wani babba ne ya samu, da na ce hanya ce, na huta. Amma mai wankin hula, wanda ni na cike wa fom?

Ana cikin haka na je unguwar Kabara duba wani abokin aikina da ba shi da lafiya. A bakin wani lungu na ci karo da Hajiyar nan ta kwamiti tana fitowa daga gidan biki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta gane ni, ta tambayi inda aka tura ni, na ce ai ban samu ba. Ta riƙe haɓa. Ta ce ranar gwajin mahaifina ya gaya musu tun da safe cewa akwai nasa a cikin masu shigowa, ya nemi a canja shi, aka ce babu wanda zai maye gurbinsa. Da na gama darasi, ita da jami'in suka rubuta makinsu, shi ya tura takardar gaba bai rubuta komai ba. Ta ce ita ta ɗauka za a yi lissafi da na mutum biyu ne. Ta ba ni shawara in je ofis in bincika, don an ba da sati biyu na ƙorafi kuma saura 'yan kwanaki.

Washegari ina ofishin tun kafin a share shi. Wani ma'aikaci mai haƙuri ya zaro takardata ya shimfiɗa a tebur. Gurbi uku ne, biyu da lamba a ciki, na ukun fari fat. Wanda ya tara makin ya ɗauki farin gurbin a matsayin sifiri. Ma'aikacin ya ce gyaran mai sauƙi ne: in rubuta ƙorafi, mai gurbin ya zo da kansa ya cike ya sa hannu kafin ranar Alhamis. Ya lissafa min, ya ce in na samu sha biyar cikin ashirin na shiga jerin. Sai ya ƙara da cewa guraben aikin a ƙirge suke, duk wanda ya shiga, na ƙarshe ne zai fita.

Na san wane ne na ƙarshe. Ina so in ce na yi jim, na ji nauyi, amma ƙarya ne. Daɗi na ji, irin wanda ke saukowa har tafin ƙafa. Na roƙi ma'aikacin ya nuna min takardar na ƙarshen, ya ɗan yi gardama, sannan ya buɗe ya rufe da sauri. Na dai ga abin da nake nema. A gurbin Baba, da rubutunsa da na sani tun ina yaro, an sa sha takwas. Ɗan maƙwabci sha takwas, ɗan cikinsa ko ɗigo babu.

Ni da bakina na baza labarin a majalisa, kafin magariba ya gama unguwa. Aka rabu biyu. Wasu suka ce Malam ya yi abin da ya dace da dattijo, wasu suka ce wannan ba kunya ba ce, cuta ce, naka shi ke ba da kai. Kowa dai ya yarda an danne min haƙƙi, kuma na sha wannan magana kamar ruwan sanyi. Da daddare kaɗan bayan isha'i abokina ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ji komai, har da cewa shi ne zai fita.

Ya ce, "Mutumina, in haƙƙinka ne ka karɓa. Wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Hulunana suna nan ba su gudu ba."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ce masa ai ba ni na tsara dokar ba, na shige gida.

Saura Baba. Ban taɓa roƙonsa wani abu baki da baki ba, komai ta wajen gwaggona yake bi, ƙanwarsa da ta raine ni. Na je na zayyana mata, ta yafa mayafi ta tafi ranta a ɓace. Ba ta jima ba ta dawo, ta ce ya ce in zo da kaina.

Ranar Talata da la'asar na same shi a zaure shi kaɗai, yana kan buzu. Na cire takalmi na tsugunna daga bakin ƙofa. Bai dube ni ba, tabarma yake kallo. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma kuskuren nasa ne. Ya ɗauka in ya bar gurbin za a raba makin mutum biyu, bai bi sawu ba, bai tambaya ba, don bai so a ce yana bibiyar takardar ɗansa. Ya ce ba shi da hujja, kuma a shirye yake ya je ya cike. Ban taɓa jin Baba ya ce ya yi kuskure ba. Har na fara jin ƙamshin aikin.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ƙaramin littafi. Ya ce al'adarsa ce tun yana aiki, duk wanda ya duba sai ya fara rubuta makinsa a nan kafin ya kwafa a takardar hukuma. Ranar nan ma ya rubuta nawa, kwafewa ce bai yi ba.

"Abin da ke nan shi zan kai musu," in ji shi. "Ba zan yi sabo ba."

Ya buɗe shafin ya turo littafin a kan tabarma. Na matsa na duba. Ga lambata, ga makin a gefenta. Sha ɗaya.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Na ji bakina yana cewa, "Baba, ko Hajiya ta fi haka ba ni."

"Hajiya kai take kallo. Ni ba na iya kallonka, sai na kalli yara." Ya ɗora yatsa a kan shafin. "Akwai yarinya a layin baya, sau uku tana ɗaga hannu, ba ka gan ta ba. Da ka gama aka tambaye su wanne ya fi girma, rabi ko kwata. Fiye da rabin ajin suka ce kwata, wai huɗu ta fi biyu. Kai mu ka koyar. Mu kuwa mun san rabi da kwata tun ba a haife ka ba."

Na tambaye shi, ban san ma na tambaya ba, shi wancan fa me ya yi. Ya ce gurasa ya ba yara biyu ya ce su raba daidai, ya ba yara huɗu ɗayar, sannan ya tambayi ajin wane rukuni kowa zai so ya shiga in yana jin yunwa. Ya ce rubutunsa a allo kamar kaza ta bi ta kai, Turancinsa kuma sai addu'a, shi ya sa ya rage masa biyu. Amma babu yaron da ya fita ajin nan bai san rabi ya fi kwata ba.

Ya ja littafinsa ya mayar aljihu. Ya ce, "In ka ce in je, gobe da hantsi ina can."

Na yi lissafin a tsugunne. In ya je, sha ɗaya za ta shiga takarda, ba za ta kai ni ko'ina ba, kuma ma'aikacin nan zai gani, Hajiya za ta ji, majalisa za ta ji. In bai je ba, gurbin zai zauna fari, kowa ya ci gaba da cike shi da lambar da ya ga dama. Aikin dai ya riga ya tafi ta kowace hanya. Abin da ya rage min shi ne zancen mutane cewa an cuce ni, kuma na ga ba zan iya rabuwa da shi ba.

Na ce, "A bar shi, Baba."

Ya gyaɗa kai, bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Na ɗauki takalmana na fita.

Alhamis ta zo ta wuce ban kai ƙorafi ba. Unguwa ta yi wa abin fassarar da ta fi kyau: wai na janye ne don kada in raba abokina da abincinsa. Limaminmu har misali ya yi da ni, bai ambaci suna ba amma kowa ya waiwayo. Abokina ya zo da hawaye a idonsa ya riƙe hannuna da hannu biyu. Tun daga ranar ban ƙara kai hula wanki ba, shi yake aikowa a karɓa, a dawo da ita a goge. An tabbatar da shi a aiki bayan shekara biyun. Ni ina nan bayan Ƙofar Kabuga, sai dai yanzu ina duba layin baya, kuma ba na son tuna wanda ya sa nake dubawa. In na bi ta gaban makarantarsu na ji hayaniyar ajinsa, har yau sai in ƙara sauri.

Ranar sunan ɗan abokina na biyu, an shimfiɗa tabarmi a lungu, ya kamo hannuna ya kai ni gaban abokan aikinsa. Ya ce musu wannan shi ne ya bar masa aikinsa, in ba don ni ba da yanzu yana cikin sitaci. Suka miƙo hannu ɗaya bayan ɗaya suna sa min albarka. Baba yana zaune a tabarmar dattawa, taku uku tsakaninmu, yana jin komai. Na sunkuyar da kai na ce ai babu komai, zumunci ya fi aiki.